Kunnen Enoch Pargeter

A masana'antar Mista Hallam da ke Coventry, inda ake ƙera wa masu hannu da shuni motoci, babu wanda ya kai Enoch Pargeter kunne. Ɗan mai gyaran agogo ne, ya fara da kekuna kafin ya koma inji. Sanda kawai yake kafawa a jikin inji, ya ɗora kunne a ɗaya bakin, ya faɗi abin da ke ciwo.

Matsalarsa baki. A shekarar 1908 Mista Hallam ya sa a haɗa inji biyu domin sabuwar mota: na Enoch mai silinda huɗu, da na Emlyn Prosser, wani mutumin Wales marar hayaniya, mai silinda shida. Wata biyar Enoch yana yi masa ba'a a wurin shan shayi.

"Baki shida, Prosser! Inji kake haɗawa ko gidan marayu? Wa zai ciyar da su fetur?"

Prosser sai dai ya yi murmushi.

Ranar gwaji aka rufe injinan da tamfol, ma'aikata suka taru. Da ma Enoch ya cika baki cewa ko ido rufe zai ware gwal da gwangwani, don haka Mista Hallam ya ce ya juya baya. Aka tayar da na farko. Enoch bai bari ya yi zafi ba ya kwashe da dariya.

"Kashe, kashe! Wannan ai tarin tsohuwa ne. Wace matar attajiri za ta zauna bayan wannan, haƙoranta na kaɗawa?"

Aka tayar da na biyu, yana ƙugi a hankali.

"Yauwa, ka ji aikin manya."

Ba wanda ya yi dariya. Da ya juyo, an yaye tamfol: tarin tsohuwar nasa ne. Bai taɓa jin sa daga nesa ba, kuma bai taɓa tsayawa ya saurari na Prosser ba.

Kwana uku yana gida wai mura. Matarsa Mabel ta dire masa kofin shayi ta ce, "Murar da ba atishawa? Tashi, Enoch. Kunnenka ya faɗi gaskiya, bakinka ne ya ja maka."

Ya koma wurin aiki yana raɓe-raɓe. Prosser ne ya tare shi.

"Mista Pargeter, akwai wani ƙas-ƙas a silinda ta biyar, na kasa gano shi. Ko za ka duba?"

Da zagi ne, da ya fi masa sauƙi. Ya duba, ya gano, ya gyara, bai ɗaga kai ba.

Injin Prosser aka zaɓa wa motar, Enoch ya yi shekara goma sha tara yana daidaita shi. Mutane suna yaba lafiyar motar, shi kuwa ko an ambaci sunansa sai ya ce aikin mai shi ne. Ya rasu a 1931, Prosser na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.