Ranar da Baba ya tsallake biyan fansho

Shekarun baya, can farkon samun mulkin kai, ina saurayi sabon aure a ƙauyenmu kusa da Gazawa. Mahaifina ɗan mazan jiya ne. Ya yi wa Faransa soja tun kafin a haife ni, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da lambobi biyu da mahaifiyata ke maƙala masa a riga duk ranar tafiya. Bayan kowane wata uku yakan je Maradi karɓar fansho. Doka ita ce mutum ya je da kansa, mai biya ya gan shi da ido ya tabbatar yana raye.

Ni nake raka shi, don ni kaɗai aka kama aka sa lakol, wato makarantar boko, a gidanmu. Kuma ni mutum ne mai fargaba tun ina ƙarami. Kafin mu kai Agye na laluba jakar fatar da katinsa ke ciki ya fi a ƙirga. Baba yakan ce da ni aka kai yaƙi, da tsoron ɓatar da bindiga ya kashe ni kafin abokan gaba su iso.

Bayan buro, wato ofishin biya, akwai wata tsamiya, nan tsofaffin ke zama. Nan kuma Baba ke haɗuwa da abokinsa, wani dogon Bagobiri mai zane daga baki har kunne. Tare aka ɗauke su, jirgin ruwa ɗaya suka shiga, bargo ɗaya suka rufa a ƙasar sanyi. Baba ba ya kiransa da komai sai Kafaran, muƙaminsa na soja. Mu Katsinawa ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da Gobirawa. Da sun hangi juna za a fara. Shi ya ce ga bawansa ya zo gaisuwa, Baba ya ce wa ya kwance wannan ya bar shi yana yawo cikin mutane. Sai Baba ya ciro farin goro babba, wanda yake saye musamman daga masu tsallako iyaka, ya ɓare ya miƙa masa rabi. Su zauna har la'asar suna wani Faransanci nasu na bariki wanda ko ni ɗan lakol ba na ganewa. Ni dai ina gefe ina duban rana, ina tsoron kada motar gyaɗa ta tafi ta bar mu.

Wata rana mai gari ya aiko cewa sabuwar gwamnati ta tausaya wa tsofaffi. Ba sauran doguwar tafiya, masu biya ne za su riƙa zuwa manyan garuruwa, kowa ya karɓa kusa da gida. Namu ya faɗo Gazawa. Kowa ya yi murna, ni na fi kowa. Inna ta ce ƙafar Malam ta huta. Babu wanda ya tuna cewa zaman da suka yi a gindin tsamiya wancan karon shi ne na ƙarshe, kuma ba su yi sallama irin ta rabuwa ba.

Ranar biya ta farko a Gazawa, kafin hantsi an gama. Baba ya sayi goronsa kamar kullum, ya tsaya yana waige-waige a bakin kasuwa, sannan muka dawo gida. Goron ya ajiye a kan taga har ya yanƙwane. Biya na gaba ma haka. Ya rage magana, ya rage ci. Na ce masa mu aika wa Kafaran saƙo mana. Nan na gane Baba bai san sunan ƙauyensa ba. Ya san dai yamma da Tibiri ne, wajen Gidan Rumji. Lambarsa ta soja kuwa ya haddace ta kamar fatiha. Ya ce a bariki ba a tambayar mutum garinsu, bayan sun dawo kuma me zai sa ya tambaya, tunda ga tsamiya.

Da kaka ta kama, ana saura kwana kaɗan biya, ya kira ni bayan sallar asuba ya ce in shirya, Gidan Rumji za mu. Ya yi lissafinsa: ranar biya ɗaya ce ko'ina, dole Kafaran ya fito a gan shi, can za mu same shi. Na ce Baba, in mai biya ya kira sunanka a Gazawa ba ka nan fa? Na ji ana cewa wanda bai zo ba rubuta shi ake ya mutu, kuma ta da mamaci a takardar gwamnati ya fi ƙarfin talaka. Fanshon nan da shi muke sayen hatsi in rumbu ya yi ƙasa.

Ya dube ni ya ce, “Ɗan lakol, kusan shekara guda ke nan ina nuna wa mai biya ina raye. Wanda ya kamata in nuna wa bai sani ba.”

Na kai ƙara wurin Inna, ina zaton za ta goya mini baya. Sai ta ɗauko rigarsa ta fara maƙala lambobin.

Muka hau motar gyaɗa, muka ratsa Maradi muka yi yamma. Hanya duka ina ta saƙe-saƙe: yanzu mai biya ya iso, yanzu ya buɗe akwati, yanzu ya ja layi a kan sunan Baba. Da safiyar biya muna Gidan Rumji. Tsofaffi suka yi layi, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa fuska. Aka gama kira, babu Kafaran. Baba ya koma ya sake leƙa fuskokin masu watsewa. Abin da ya zo mini a rai shi ne abin da ya zo masa: ko Kafaran ya rasu.

Sai muka ji wani magidanci yana roƙon mai biya ya yi haƙuri, tsohonsa bai samu zuwa ba. Mai biya ya tambaya ko ciwo ne. Ya ce a'a, tun shekaranjiya ya ɗauki sanda ya hau mota, an hana shi ya ƙi.

“Wai Gazawa za shi,” in ji shi, “ya ga ko wani bawanai Bakatsine ya mutu.”

Baba ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye, dariyar da rabona da jinta tun Maradi. Ya ce mun ga wautar Bagobiri, ashe a hanya muka yi saɓani. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. A ganina yanzu mamata biyu ke gare mu a takarda. Na ce mu koma Gazawa da sauri, ɗan Kafaran ma ya ce haka. Baba ya ce a'a, in muka koma shi kuma zai juyo, mu yi ta zagayen juna har mu mutu da gaske. In Kafaran bai same shi a can ba, wuri ɗaya ya sani.

Muka koma Maradi mu uku, muka zauna gindin tsamiya. Buron yana nan amma bayansa ba kowa, mai furar da ke zama a wurin ma ta tashi. Muka yini, muka kwana gidan wani ɗan garinmu, muka dawo muka sake yini. Ina tunanin geron da na bari ba a ɗaure ba, da amaryata, da guzurinmu da ke ƙarewa. Baba ya jiƙa tsumma ya naɗe goronsa, idonsa na kan hanyar tasha.

Rana ta yi sanyi sai ga shi tafe, yana dogara sanda yana laluben ƙasa da ita. Ya rame, yanar ido ta rufe masa gani. Ɗansa ya yunƙura zai tashi, Baba ya riƙe masa riga. Tsohon ya zo har ya dafa jikin tsamiyar ya tsaya yana haki, bai san da mutane a wurin ba.

Baba ya gyara murya ya ce, “Wa ya kwance wannan?”

Kafaran ya juya wajen muryar. Can ya ce, “Wanga bawa, ina ka shiga? Na tai har Gazawa an ce ka gudu.”

Baba ya ɓare goron. Hannuwansu suka daɗe a haɗe kafin rabin ya wuce.

Washegari na shiga buro da ɗan Faransancina na yi bayani. Wani matashin ma'aikaci ya ce ba a kashe mutum don ya tsallake biya ɗaya, sai dai kuɗin ya jira karo na gaba, kuma kowanne ya kawo mai shaidar yana raye. Ashe duk mutuwar da na yi ta yi a hanya ni kaɗai na yi ta. Suka tsaya wa juna shaida. Da aka tambayi Kafaran, ya ce a rubuta Bakatsinen yana raye, tunda minsharinsa ya hana unguwa guda barci. Kafin mu rabu na tambayi ɗansa sunan ƙauyensu, na faɗa masa namu. Tsofaffin suka yi kamar ba su ji ba.

Mun ɗan sha wuya kafin kuɗin ya fito, ban kuma taɓa jin Inna ta ambata ba. Kafin damina ta faɗi, ɗan Kafaran ya zo har ƙofar gidanmu. Da Baba ya gan shi shi kaɗai bai tambaye shi komai ba, ya sa aka shimfiɗa tabarmar makoki.

Yanzu na girmi Baba na wancan lokacin. Na ji ana cewa tsofaffi na karɓar nasu ba tare da sun taka ko'ina ba, kuma alheri ne, ƙafa ta san haka. Sai dai nakan tambayi kaina ina suke ganin juna. Tsamiyar an sare ta tuni, na je na duba. Har yau in na ga farin goro babba a kasuwar Gazawa sai na saya, ko da haƙoran ci sun ƙare. In ɓare shi, in zauna da rabi a kowane hannu.