Mama Mai Ɗinki da Mijin da Aka Dawo Mata da Shi

Mama mai ɗinki ba ta iya haɗiye magana ba, kowa a cocin ya sani. Mijinta ya gudu ya bar ta da yara da keken ɗinki, shi ta yi ta takawa har suka girma. Masu nema sun zo, ta kore su, ta ce auren da aka ɗaura a gaban bagade ba mai kwance shi.

Kwatsam aka dawo mata da mutumin, ɓarin jikinsa ya shanye. Matan zumunta, masu rera waƙar ƙauna kowace Lahadi, su suka fara cewa, "Mama, ki mayar da shi inda ya ci ƙuruciyarsa."

Ta tsayar da keke. "Ba ku ji kunya ba? Da bakin da kuka karɓi Jikin Kristi ɗazu?"

Yanzu ita ke masa wanka, tana ba shi abinci a baki tana masa faɗa. Ran nan ya fashe da kuka, ya ce bai cancanta ba.

"Wa ya ce ka cancanta, Baban yara? Shi Ubangiji ya jira sai da muka cancanta ne? Buɗe baki."