Takardar Kawu Illa a Bariyar Dosso

Mun tashi daga Dogon Dutsi ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, ni da Kawu Illa, wan mahaifiyata. Shekarar fari ce, sojoji ke mulki. Kawu na da sankarar mafitsara. A Yamai aka yi masa aiki, kuma a kai a kai ana zuba masa wani magani ta roba. Kwana biyar ke nan yana zazzaɓi, muna ɗura masa ƙwayar nibakin, don mu duk zazzaɓi na sauro ne. Niyyarmu mu kwana uku a Dosso wajen bikin suna, sannan mu wuce Yamai.

Dosso, ƙarfe tara

A bariya, shingen binciken motoci, jandarma ya ce kowa ya fito da takardunsa. Kawu ya miƙa kat dantite, katin shaidarsa, ya kuma zaro wani abu daga wuyansa. Ashe takardar da likita ya ba shi ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, don kada ta ɓace!

"Baba, me aka rubuta ciki?" in ji jandarman.

"Oho, ɗana. Faransanci ne."

Jandarman ya farke ta da reza, ya karanta, sai fuskarsa ta sauya. "An ce in zazzaɓi ya wuce kwana biyu, a dawo da kai maza. Kwana nawa yau?"

Na ce biyar.

"To naman sunan fa?" in ji Kawu.

Jandarman ya tare wata kamiyo, babbar motar soja, da ta sauke dawar taimako, ya sa mu gaba kusa da direba.

Yamai, ƙarfe sha biyu da kwata

Likita ya ce maganin da ake zuba masa ta roba, ƙwayar rigakafin tarin fuka ce mai rai. Da wuya take yin haka, amma ta Kawu ta tsallaka cikin jini, ta fara taɓa huhu da hanta. "Da kun tsaya sunan nan, da zancen ya sha bamban."

Sati uku Kawu yana kwance, ni ina kwana a unguwar Talladje wajen wani tela ɗan garinmu. Ran da Kawu ya fara ƙorafin kunun asibiti ba tsamiya, na san ya dawo.

Gida

An sallame mu da maganin wata shida. A bariyar Dosso Kawu ya sauka da ƙafarsa, da ƙullin kilishi a hannu don godiya, amma an sauya wa jandarman wurin aiki, ko sunansa ba mu tambaya ba. Mun iso gida da la'asar, mun gode Allah. Sabuwar takardar kuwa, sai da Kawu ya sa aka karanta masa ita sau uku kafin ya kai wa baduku.