Ranar da Aka Rage wa Baba Magani

Har yanzu da murna nake ba da labarin, har Inna kan ce in rage murya, maƙwabta sun gaji da ji.

Baba manomi ne. Gonarsa tana bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure, tumatir da rani, shinkafa da damina. Bara wani ƙari ya fito masa a gefen wuya, haɗiya ta gagara, tuwo ma sai an dama masa kamar kunu. A asibitin birni aka ce ciwon daji ne na maƙogwaro, irin wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa. Ni ce na yi sakandare a gidanmu, don haka ni ke raka shi, ni ke sauraren likita.

Aka fara masa gashi, wato a kwantar da shi ƙarƙashin wata na'ura tana ƙona ƙarin, ga kuma magani mai ƙarfi da ake sa masa ta ƙarin ruwa. Bakinsa ya bushe, yawu ya ƙafe, shayi ma ya ce ɗanɗanon ƙarfe yake ji. Tun kafin a fara an ɗebi jininsa an aika wani wuri mai nisa, da magani ya yi nisa aka sake ɗiba.

Ranar da sakamakon ya dawo zazzaɓi ya kwantar da ni, sai Kawu, ƙanin Inna, ya raka shi. Da la'asar suka shigo, ba wanda ya kalli wani. Kawu ya zauna a kan turmi ya ce, "Likita ta ce za a rage masa gashin, an kuma tsayar da ƙarin ruwan."

A wajenmu kowa ya san ma'anar wannan. In tsutsar sharon ta shiga gonar tumatir, manomi feshi yake yi ta yi, yana ƙara ƙarfin magani. Ranar da ka ga ya rage, ya rataye famfon feshi a bishiya, to ya sallama gonar ke nan. Ba wanda ke rage magani ga abin da yake sa ran zai tashi.

Baba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya faɗa. "Uwata," in ji shi, "sun sallame ni. Sauran gashin da suka ce in je, ba za ni ba. Gara in ƙarasa kusa da ruwana."

Washegari da safe na shiga mota, jikina da sauran zazzaɓi. Na tsaya a ƙofar ofishin likitar har ta gama da mutanenta. Da na buɗe baki kuka ne ya fara fita. Da ƙyar na ce mata, "Don Allah Dakta, ki gaya min gaskiya, me ya rage masa?"

Ta dube ni, ta aje biro. "Subhanallahi. Haka kuka ɗauka? Zauna, ƙanwata."

Ta ce jinin farko cike yake da ɓurɓushin ƙwayar cutar da ƙarin ke zubarwa. A na biyu sun nema, sun rasa. Irin ciwon Baba yana jin magani, kuma nasa ya ji da wuri. In suka ci gaba da ƙarfin farko, maƙogwaro mai lafiya za su ƙona, ya rasa yawu da haɗiya har ƙarshen rayuwarsa. "Amma sauran gashin nan dole ya gama shi," in ji ta. "In ya tsaya a nan, an yi aikin banza. Kuma za mu riƙa duba jinin. In abin ya sake leƙowa, mu ma mu ƙara."

Na ce ta maimaita, na ɗauka a waya. Ta maimaita tana dariya.

Ban san yadda na kai tasha ba. A mota na ba wata mata mai kwandon albasa labarin tun daga farko, ba ta san ni ba, amma sai "Allahu Akbar" take yi. Ina sauka na tattare hijabi na bi kunyar gonaki da gudu, ƙatuwa da ni, masu ban ruwa suna kallo.

Na tarar da Baba zaune a bakin kanal. Na kunna masa wayar. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai. "Likitoci sun iya lallashi, Uwata."

Na waiga, ga shinkafar maƙwabcinmu ta sunkuyar da kai, ta yi ja, ƙasarta a bushe.

"Baba, wancan me ya sa ya datse ruwa? Ya sallama ta ne?"

"Ke, wa ke ba nunanniyar shinkafa ruwa? Ai sai ta kwanta ta ruɓe."

Ya daɗe yana kallon gonar, yana shafa wuyansa.

"Sake kunna min ita," in ji shi.

Na sake. Da ta zo wurin da ta ce an nema an rasa, sai ya ɗaga yatsa, na mayar baya.

"To wannan Kawun naki, kunne ya je da shi ko hula kawai?"

Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya miƙo min hannu na tashe shi, ba nauyi ko kaɗan, abin ya sake tsorata ni. Muna tafe a hankali ya ce in gaya wa Inna ta wanke masa farar rigarsa, kuma in tashi da wuri, ba ya son motar farko ta bar mu.