Mufakkirar Lurwanu da Mutanen Hanya

Wanda ya san unguwar Misfala ta Makka kafin a rushe tsofaffin gidajenta, ya san shagon Lurwanu Mailafiya. Shago ne dai a baki, don in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito. A nan ya yi shekara tara yana sayar da kayan mufakkira, wato 'yar na'urar aljihun nan mai kamar tafin hannu, wadda ake rubutu a fuskarta da alƙalamin roba, tun kafin waya ta zo ta cinye komai. Yana da jakunkunanta na fata, da ledar da ake manna wa fuskar, wadda shi da kansa yake yankawa da reza, da gindin da ake ɗora ta a kai don ta haɗu da kwamfuta. Yana kuma zuba manhaja: ta lokutan salla, ta kwanan watan Hijira, da wadda ke sa na'urar ta karɓi rubutun Larabci.

Karatunsa bai yi nisa ba, amma hannunsa na da haƙuri. Alhazai kan zubar da alƙalumansu a ɗawafi, sai ya riƙa ɗaure wa kowane alƙalami zare kafin ya miƙa. Akwai wani alhajin Zariya da ya kawo tasa duk ta karce, ashe da asuwaki yake rubutu. Lurwanu bai yi dariya ba sai da mutumin ya sha kwana.

Kuma ba ya barin mai saye ya tafi sai ya koya masa canjin batir. Batir biyu ne ƙanana, kuma abin da ke cikin na'urar da wutarsu yake raye. Sai ya ce, “Alhaji, sabo a hannu kafin ka taɓa tsoho. Ɗaya bayan ɗaya. In ka bar ta minti guda babu wuta, ta manta da kai da ubanka.”

Shi ma yana da tasa. Mahaifiyarsa, Hajiya Kabira, tana ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, shekara bakwai suna hanyar Makka. A shekararta ta ƙarshe, kullum bayan la'asar sai ta sa Lurwanu ya zauna, tana faɗa yana rubutawa a mufakkirar: sunan duk wanda ya rasu a ayarin, da inda aka binne shi. Wane a Farlomi, wance a Abashe, yara uku a Fashir, wasu a bakin teku a Sawakin suna jiran jirgin ruwa. Mutum arba'in da ɗaya. Ta ce, “Babu mai ziyartar kabarinsu. Ka riƙa kiran sunansu ran Juma'a.”

Ta rasu. Kasuwar mufakkira ta mutu, shagon ya bi rusau, Lurwanu ya koma unguwar Zahir da iyalinsa. Kwamfutar da ke riƙe da kwafin sunayen ta lalace, gindin haɗawar kuma babu sabuwar kwamfutar da ke da ramin da zai shiga. Sai ya rage sunayen suna wuri ɗaya tak a duniya. Duk farkon wata sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sababbin batir, ya yi bisimilla, ya canza. Sama da shekara ashirin bai yi kuskure ba.

'Yarsa Hadil, wadda ke aiki a wani kantin magani a Aziziyya, ta sha yi masa magana. Hausarta rabi ce, sauran Larabci.

“Abuya, ka ba ni minti biyar bas, in ɗauki hoton sunayen da wayata. Khalas.”

“Wayarki da kike canzawa kamar takalmi? Wannan ta girme ki a hankali.”

“Tayyib, a takarda.”

“Sai an jima.”

Ba wai bai ga gaskiyarta ba. Shi dai yana ganin ranar da aka kwafe sunayen, ranar na'urar za ta zama tarkace, shi ma da ita. Yayarsa Sa'adiya, da ke zaune a hawa na ƙasa, ba ta ɓoye masa. Takan ce, “Kai da wannan 'yar gwangwanin, ban san wa ke jinyar wani ba.”

Bara, ran ɗaya ga Rajab da hantsi, ya shimfiɗa ƙyallensa kamar kullum. Hannunsa ya jima da fara rawa, yana ɓoyewa a aljihun riga. Ya zare tsohon batir, ya ɗauki sabo, sai sabon ya kuɓuce, ya gangara ƙarƙashin kabad. Da ya mayar da tsohon nan take, da shi ke nan. Amma shi da ya koyar da alhazai dubu, sai ya durƙusa yana laluben wanda ya faɗi. Kafin ya miƙe, gwiwa na ƙara, lokaci ya wuce. Da ya kunna ta, sai ta nemi ya saita mata kwanan wata, kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

Bai kira kowa ba. Sa'adiya ce ta hauro da shayi ta same shi zaune, na'urar a cinya. Ta dube shi, ta dubi ƙyallen, ta ajiye faranti.

“Sun tafi?”

“Sun tafi, Yaya.”

Ya jira zagin, bai zo ba. Ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa Hadil kira, ta ce ta zo da biro da littafi.

Kwana uku suka yi. Lurwanu na rufe ido yana bin hanyar zango zango, Hadil na rubutawa, tana tambayar yadda ake faɗin Ɗanladi da Tabawa, Sa'adiya na gyara mata baki. Daga Katsina zuwa Abashe bai yi tuntuɓe ba. A Fashir shi da Sa'adiya suka yi gardama. Shi ya fara.

“Badamasi a Sawakin ya rasu.”

“A Fashir, kai! Inna ta ce ƙishirwa ce ta kashe shi.”

“Wancan Tsoho ne, mai jaki.”

“To rubuta su duka, 'yar nan, Allah Ya san inda Ya ajiye kowa.”

Suka samu talatin da takwas. Uku suka ƙi zuwa. Lurwanu ya san mata ne biyu da jariri, ya san suna tsakanin Fashir da teku, amma sunayen sun shige masa duhu. Sa'adiya ta buga wa duk tsohuwar da ta sani a Makka da Jidda, babu wadda ta riski ayarin.

Ran Juma'a, kafin ya tafi Harami, ya ce wa Hadil ita za ta karanta, don idonsa ba ya kama rubutunta. Ta karanta a hankali, harshenta na sarƙewa, Sa'adiya na tsaki daga kan kujera. Da ta kai ƙarshen shafi sai ta ɗaga kai.

“Abuya, sauran ukun fa? Me zan ce?”

“Ki ce, da mata biyu da jaririn da suka kwanta a hanyar Sawakin.”

“Haka kawai?”

“Haka kawai. Ki bar musu layi uku, kada ki rubuta komai a kai.”