Har Yanzu Wanzamai Na Aiko wa Yaya Musbahu Suna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Musbahu, kuma duk shekara sai na ji an maimaita magana ɗaya a kansa: wai mutum ne mai hangen nesa, amma ya zo da wuri, mutanen ƙauye ba su kai ga gane kwamfuta ba. Wannan ƙarya ce, masu faɗinta ma sun sani. Mutanen Zinyau da Yalwa da ƙauyukan Kibiya sun gane aikin Yaya tun kafin abokan aikinsa su san inda ake kunna na'urar. Ba ƙauye ne ya kashe aikin nan ba. A ofis aka kashe shi.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a yankinmu, shi aka ɗora wa mayar da rajistar haihuwa kan kwamfuta. A lokacin duk wanda ya ci zaɓe sai ya sayo kwamfutoci, a ɗauki hoto, a lulluɓe su da leda, a kulle ɗakin. Yaya ya ce shi ba hoto ya zo ɗauka ba.

Matsalar da ya fara gani ba ta wuta ba ce. Uwa ce za ta zo da ɗanta na fari, magatakarda ya ce, "Sunan yaro?" sai ta sunkuyar da kai. Wace mace ce a garin nan za ta buɗe baki ta ambaci sunan ɗan fari, balle in sunan surukinta aka sa masa? Sai ta ce Abba, ko Baffa, ko Ummi, a rubuta haka nan. Ranar da yaro ya girma, takardar haihuwa na cewa Abba, ta makaranta na cewa Muhammadu, a ce masa ai wannan mutum biyu ne.

Yaya ya ce to a daina takura wa uwa. Akwai mutumin da ba a yin suna babu shi, yana zaune liman zai raɗa sunan, kuma babu wanda yake jin kunya: wanzami. Ya hau babur ya bi su kasuwa-kasuwa, ya koya musu cewa in an gama askin jariri a tura sunan yanka da na uba da unguwa zuwa layin wayar ofis. Wanda bai iya rubutu ba ya sa a rubuta masa. Saƙo na shiga a shigar da shi kwamfuta, a amsa da "an karɓa". Duk ranar da uba ya buƙaci takarda, ya biyo a buga masa. Babu zo gobe, babu sai ka nemo wanda ya san wani. Ni ina ganin wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa wasu a wuya.

Mataimakinsa a aikin shi ne Sagir. A gidanmu yake cin tuwo, Auta yake ce min kamar yadda 'yan gida suke faɗa. Ranar da mota ta buge Yaya a hanyar Kibiya, Sagir ya fi mu kuka. A zaman makoki ya durƙusa gaban Innarmu ya ce aikin Musbahu amana ne a wuyansa. Yau shi ne shugaban sashen. Yana zuwa taro Kano da Abuja yana koya wa manya yadda ake jagorantar mayar da aikin gwamnati kan na'ura. Na sha jinsa a rediyo, kuma wallahi har daɗi nake ji, don na ɗauka aikin yana tafiya.

Bana Ummi, 'yar Yaya ta fari, ta ci jarrabawar makarantar kwana, aka ce a kawo takardar haihuwa. Tata ta lalace tun daminar da rufin ɗakinsu ya rufta. Ko a jikina. Na ce ai tana cikin kwamfuta, na wuce ofishin.

"A'a, Auta! Ke ce? An girma fa."

"Yaya Sagir, takardar Ummi na zo a sake buga mana."

Ya gyara hula. "Ai wancan tsarin an jingine shi. Muna jiran sabo daga sama."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ki kai uwarta kotu ta yi rantsuwa, shi ya fi sauri. Wai ma mene ne sunan yarinyar na gaskiya?"

Shi fa ya shigar da sunan da hannunsa, bayan ya ci naman ragon. Na ce, "Ka tambayi kwamfutar, yallaɓai." Na fito ban yi masa sallama ba.

Makaranta ba za ta jira fushina ba, dole na kai Anti Rabi, mahaifiyar Ummi, kotu. Sunan Innarmu aka sa wa yarinyar, kuma tunda aka kawo Anti Rabi gidanmu sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ranar ta faɗe shi gaban maza cike da ɗaki. Magatakarda ya ce bai ji ba, ta ɗaga murya. Ta sake faɗa. Har muka iso gida ba ta buɗe fuskarta daga mayafi ba. Wannan ita ce matar mutumin da ya ƙare ƙarfinsa don kada a ƙara yi wa wata mace haka.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau me zai ce? Yanzu kowa da babbar waya, har mai sayar da rake ta waya ake biyansa. Na san zai yi murna da wannan. Ba mai faɗa ba ne, ƙila ma ya nema wa Sagir uzuri, ya ce sauyin gwamnati ne, ya ce babu man janareto. Ni ban gaji haƙurinsa ba. In tsari ya mutu, a fito a ce ya mutu. Meye wahala a ciki?

Domin ba a faɗa ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Ranar kasuwar Rano da ta wuce na haɗu da Baba Ila, wanzamin Zinyau, ɗaya daga cikin waɗanda Yaya ya fara koya wa. Ya gane ni, ya yi wa Yaya addu'a, sannan ya zaro wayarsa da aka ɗaure da roba yana fara'a.

"'Yar nan, jiya ma na tura biyu, tagwaye ne a Yalwa. Sai dai sun daina ce min an karɓa. Na ce ƙila aiki ne ya yi musu yawa, mata sai haihuwa suke."

Duk shekarun nan yana turawa, sauran wanzaman ma haka. Duk gidan da suka yi aski suna ce wa uba ya kwantar da hankali, sunan ɗansa ya shiga gwamnati. Yaran nan sun fara kaiwa shekarun makaranta, iyayensu ba su san babu inda aka rubuta su ba.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Yaya, ba zan nuna ɗakin da aka kulle ba. Abin da ya rage shi ne tsoho mai aska da ya yarda da maganarsa har bayan ransa. Da wannan yardar ake ta cutar mutane da sunan yayana, kuma ni ba zan ƙara bari ba.

Na ari babur ɗin maƙwabcinmu da mai tuƙa ni. Daga wannan makon zan bi kasuwannin Rano da Kibiya, in gaya wa kowane wanzami gaskiya, shi kuma ya gaya wa gidajen da ya yi wa aski. Na ce da Baba Ila kada ya goge saƙo ko ɗaya. Ranar da muka haɗu, da wanzaman da iyaye maza, ofishin Sagir za mu, ni ce a gaba. Zai zauna a kujerarsa a karanto masa sunayen ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za mu tashi ba sai ya rubuta na ƙarshe.