Kunnuwan Inna

Shekarun baya, shekarar da albasa ta yi albarka, yayana da ke fataucinta a Aliero ya biya wa mahaifiyata kujerar Makka. Ni aka ɗora wa raka ta wani ofis a ɗauki hotonta na tafiya, wai don ni ce 'yar bokon gidan. Muka taso daga Gehuru da sassafe, tana sanye da babban hijabinta na zuwa Idi, ni kuwa sai iyayi nake yi a mota.

Ɗakin cike yake da maza. Da layi ya zo kanta, mai ɗaukar hoton ya ce, ko ɗagowa bai yi ba: "Mama, a fito da kunnuwa."

Ta juyo gare ni. "Mi yac ce?"

Na maimaita mata. Ta ce a hankali, "Tun da anka kai ni ɗakin ubanku, wani namiji bai ga kunnena ba."

Na roƙe shi ya bari a haka, ya ce na'ura ba za ta karɓa ba. Na ce to a kira mace ta ɗauka, ko mazan nan su ɗan ba mu wuri. Ya ce idan ba mu shirya ba mu matsa, akwai mutane. Turancin da nake taƙama da shi a gida ya ƙare ƙaf.

Can Inna ta ce, "Ɗakin Allah nika son gani." Ta sa hannu ta tura hijabin bayan kunnuwanta, har furfurarta ta leƙo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Muka kamo hanya har muka iso tashar Jega. A nan ta kama hannuna ta ce, "Hoton ga, kada ki gwada ma kowa shi."

Ana saura makonni kaɗan a tashi, zazzaɓi ya kwantar da ita, Allah Ya karɓi abinSa. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko a biki, don haka wannan kaɗai ya rage mana.

Na daina jin haushin mutumin tuni, wataƙila shi ma abin da aka ce masa yake bi. Amma har yau in na ji ana cewa ai kunne ne kawai, mene ne a ciki, sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu 'ya'yana kan ce in nuna musu kakarsu. Nakan ɗauko hoton, in ɗora babban yatsa a wannan gefe, in ɗora ɗaya a wancan, sannan in ce su zo su gani.